Sunan Aro a Hanyar Gat

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka, Malam Idi na Gangara, zuwa ga Mutari, wanda ke zaune a zangon Tanut yana kallon raƙuman mutane. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka tarar da ruwa a kowace rijiya, Ya kau da idon mugu daga sawunka. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ba zan cika takarda da labarin gida ba, gida yana nan inda ka bar shi.

Bayan haka, labari ya iso mini cewa kumandan Nasara ya fita rangadi, ba mai buga hatimi a takardar tafiya sai ya dawo, ayarin da za ka bi zuwa Gat kuwa ranar Lahadi zai tashi. An kuma ce abokinka Gambo, wanda raƙumi ya karya wa hannu, ya ce ka ɗauki tasa takardar tunda shi ya fasa, kai kuma ka ce wannan dabara ce. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya gaya mini. Maganar da aka yi a zango, kafin a rufe baki jakuna sun ji.

Dabara ce, na yarda. Na san haka domin na riga ka yin ta.

Ka tuna shekarar da na yi wata goma sha ɗaya ba na gida, aka ce maka na tsaya karatu a Agadas. Karatu kam na yi, amma ba a Agadas ba, kuma malamina wani bijimi ne mai ƙaho ɗaya. Shekara tara ke nan ina riƙe da wannan labari, ina jiran ka yi hankalin da za ka ji shi. Na ga idan na ci gaba da jira, hanya za ta riga ni gaya maka.

A lokacin fitinar Abzin ba ta daɗe da lafawa ba. An buɗe hanya, amma Nasara suka ce ba mai wucewa arewa sai da takarda. Kawunka Barma, wan mahaifiyarka, ya haɗa kayan turkuɗi da fatu zai bi ayari, ni kuma na ce sai na je. Ba ciniki ne ya ja ni ba. Na karanta littattafan masu yawon duniya har na fara jin haushin cewa wasu sun ga abin da ban gani ba. Na je Tanut na tarar da abin da ka tarar, mai hatimi ba ya nan. Maƙwabcinmu Ɗan-Jimma kuwa ya riga ya karɓi tasa takardar, sai kurkunu ta fito masa a ƙafa, ko bakin rijiya ba ya iya zuwa. Ka san gidansa, shi ne kangon nan da ke bayan rumbunanmu.

A takardar an rubuta sunansa da na ubansa da garinsa, an kuma rubuta cewa yana da bille a kumatun hagu. Ni ba ni da bille. Madugu ya ce wannan ba komai, in ja amawali in rufe fuska kamar kowa, Bature raƙuma yake ƙirgawa, ba tsage ba. Kawunka ya ce haka ne. Ni kuma, mai ilimi, na kawo hujja daga fiƙihu cewa aro halal ne idan mai abu ya yarda. Da na koma Gangara karɓa, Ɗan-Jimma yana zaune ƙarƙashin aduwa, ya miƙe ƙafa, ana naɗe kurkunun a tsinke. Ya miƙo mini takardar yana dariya.

"Malam, ka riƙe mini sunan nan da kyau. Shi kaɗai gare ni."

Na ce masa zan dawo da shi ko ƙura bai yi ba.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma duk sauran 'ya'yansa ne. Ka ji, Mutari: takardar nan ba don ka wuce ake ba ka ita ba. Wucewa kowa na iya yi, kura ma tana wucewa ba takarda. Amfaninta yana zuwa ne ranar da ba ka iso inda ake jiranka ba. Ran nan wani zai buɗe littafi ya duba wa ya ɓace. Kayan aro ba ya rufe katara, balle ya fito da mutum daga jeji.

Madugu ya ce kowa ya riƙa kirana Ɗan-Jimma tun daga Tanut, don bakina ya saba. Kwana biyu na fari muna ta dariya. Kafin mu kai Adarbisanat na daina jinkiri, ana kira ina amsawa. Wata rana da hantsi kawunka ya manta, ya ce Idi daga bayana. Na ji sunan sarai, amma ban juya ba. Na ɗauka da wani yake.

A Agadas akwai bariki, kuma can ne littafin da ya fi kowane muhimmanci. Kowane matafiyi yana shiga da ƙafarsa, ya sauke amawali, tafinta ya tambaye shi inda za shi da watan da yake sa ran dawowa. Ni ban shiga ba. Kawunka ya tattara takardun mutum huɗu ya kai, ya ce sauran suna ɗaurin kaya, ni kuma na laɓe bayan wani amale ina gyara igiyar da ba ta kwance ba. Na yi murna ƙwarai da wannan wayo. Na bar Agadas ba mahaluƙin da ya ga fuskata, ba wanda zai iya cewa mutum mai kama kaza ya bi ta nan.

To kai idan ka isa, ka shiga da kanka. Ka buɗe fuska, ka tsaya har su gaji da kallonka. Ka gai da tafinta da kyau, domin Bature yana ji ne da kunnen tafinta. Za su tambaye ka sunan ubanka. Na san tarbiyyar da aka yi maka, za ka sunkuyar da kai ka ce Malam, ko ka ce mai gidanmu. Ƙasarmu ta Damargu cike take da malamai, kowane gida kuma da mai shi. Ka ce Idi, gatsau, kamar kana kiran yaron gidanku. Na yafe maka tun yanzu. Kunya ado ce a zaure, amma a littafin bariki ba ta nuna ƙofar kowa. Ka faɗi watan dawowarka, kada ka ce sai yadda hali ya yi. Wanda bai sa rana ba, ba a sanin ya makara.

Bayan Agadas muka shiga duwatsu. Ban san yadda Abzin take yanzu ba, an ce mutane sun fara komawa. A lokacin dai mun yi kwanaki muna ratsa garuruwan da ba kowa. Ba kufai irin wanda ka sani ba, da ya rushe ciyawa ta cinye. Gidaje ne a tsaye, na dutse, da ƙofofinsu a buɗe. Dabino ya nuna ya zube ba mai tsinta. A wata ƙofa na ga dutsen niƙa da ɗansa a kai, da sauran tsaba a gefe, kamar matar ta shiga ɗaki ne ta ɗauko wani abu. A wata rijiya guga na rataye, igiyar ta bushe ta sandare. Jagabanmu, wani dattijo Ba'abzine da ba ya yawan magana, ya hana a sha. Da aka tambaye shi dalili, ya ce rijiyar da tsuntsu ba ya sauka bakinta ba ta mutane ba ce. Na leƙa duk da haka. Ruwan yana nan, baƙi, shiru, kuma akwai abin da ke ciki wanda ba zan rubuta maka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rana. Da a duhu ne, sai mutum ya ce tsoro ne kawai. Amma rana tsaka ce, komai a fili, inuwar kowa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ga gari guda ba ko kukan akuya. Raƙuma ma sun daina gunaguni. Jagaba ya ce a wuce ba tsayawa, kada wanda ya saki akalar na gabansa, kada wanda ya shiga gidan kowa.

A gari na huɗu na hango wani ɗaki jikin masallaci, ƙofarsa a karye, da gafakokin littattafai a zube a ƙasa.

Kai da ka san ni, ka riga ka san sauran. Da zinariya ce da na wuce, in yi wa'azi a kanta ma. Na ce wa na bayana zan kama ruwa, na ba shi akala, na koma da baya. Na ce a raina in duba ɗaya kawai, in ceci abin da ya cetu daga gara. Ɗakin malami ne. Ga buzunsa a shimfiɗe, ga alƙaluma, tawada ta bushe a kurtu. Na buɗe gafaka ɗaya, na ga rubutu mai kyau irin wanda ban taɓa gani ba, da jan baƙi da sharhi a gefe. Na zauna a kan buzun mutumin. Na karanta shafi ɗaya, na ga ya yi kuskure a wata mas'ala, na juya in ga ko ya gyara a gaba.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Abin da na sani, hasken da ke faɗowa kan takarda ta ƙofa ya ragu. Na matsa gefe don in sami haske, ban ɗaga kai ba. Ya sake raguwa. Sannan na duba. Mutum uku ne tsaye a ƙofar, fuskokinsu a rufe. Daga baya na gane sun daɗe a wurin. Suna jira ne in kai ƙarshen shafi.

Ba zan ce maka 'yan ƙabila kaza ne ba, domin a bakinsu na ji harshe uku, har da namu. Ragowar yaƙi ne, mutanen da yunwa ta mayar mahara. Ayari ya ankara da la'asar, kawunka ya komo da mutum biyu, suka tarar da takalmina a ƙofar ɗakin, a jere, yadda mai ladabi ke ajiyewa. Madugu ya ba su rabin yini, sannan ya ce ruwan salka ba ya jiran kowa. Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Darasin nan gajere ne. A ƙasar da aka yi yaƙi, abin da ka ga an bari, akwai dalilin barinsa, kuma sau da yawa dalilin yana kusa. Ka bi maganar jagaba ko da bai san alif ba. Kowane mutum yana da abin da zai fitar da shi daga layi. Nawa littafi ne. Kai naka, in ban yi kuskure ba, son a ce ba ka da tsoro ne. Ka san shi tun yanzu, ka ɗaure shi.

Suka kai ni wani kwari cikin duwatsu, har yau ban san sunansa ba, suka bar ni hannun wani mai lambu. Aikina in bi bijimi. Yana jan wasaki daga rijiya, ya tafi taki ashirin, ruwa ya zube a kwalbati, ya juyo, in juyo. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Takardar Ɗan-Jimma kuwa maharan sun kunna wuta da ita tun ranar farko. Ba a dake ni sosai ba. Wata tsohuwa a gidan tana ɓoye mini cuku. Na riƙa gaya wa kaina cewa ayari zai kai rahoto, Nasara kuma, duk abin da za a ce game da su, ba sa son littafinsu ya nuna gibi.

Ayari kuwa ya kai rahoto. Abin da ya biyo baya daga bakin kawunka da mahaifiyarka na ji shi. A barikin ƙarshe kafin ƙasar Gat aka ƙirga mutane, aka ga ɗaya babu. Aka tambayi suna. Kawunka ya tuna cewa mai tafiya da takardar wani, da wanda ya ba shi, da wanda ya rufa musu, duk gidan kaso za su. Ya ce Ɗan-Jimma na Gangara. Aka rubuta. Takarda ta bi hanyarta, bariki zuwa bariki, wata uku, har ta iso Tanut. Aka aiko gardi, wato dogarin Nasara, ya sanar da iyalin wanda ya ɓace.

Gardin ya iso Gangara da hantsi, ya tsaya a dandali, ya ce ina gidan Ɗan-Jimma, an aiko shi da mugun labari, mutumin ya ɓace a duwatsun Abzin. Ɗan-Jimma yana zaune ƙarƙashin aduwarsa, taki goma daga dokin gardin. Duk garin yana wurin. Mahaifiyarka tana bakin rijiya da tulu. Ba wanda bai gane nan take wane ne ya ɓace ba.

Ba wanda ya yi magana.

Kada ka ce mugunta ce. Ƙauna ce. Mai gari ya yi tunanin idan aka faɗi gaskiya za a ɗaure Ɗan-Jimma, in na dawo a ɗaure ni, a kuma ɗora wa gari aikin hanya. Ka san mu, ba ma tona asirin namu gaban baƙo, balle baƙo mai jar hula. Sai mai gari ya yi murmushi, ya nuna aduwa, ya ce ga Ɗan-Jimma nan, ya dawo tuni, an yi kuskure ne. Gardin ya dubi bille, ya ga yana nan a kumatun hagu. Aka ba shi fura ya sha, ya koma. Amsa ta bi hanya ta koma arewa: an ga mutumin a gidansa, lafiya lau. Aka ja layi a kan sunan. Mahaifiyarka ta ce ta kai tulun gida ba ta zubar da ko ɗigo ba, kuma har yau ba ta yafe wa kanta wannan ba.

A wata na bakwai sojojin raƙumi suka shigo kwarin, da wani Bature mai igiya biyu, da tafinta. Ana azahar. Suka tara duk wanda ke aiki a lambuna, muka tsaya a rana. Tafinta ya buɗe takarda ya fara kiran sunayen waɗanda aka kai rahoton sun ɓace. Yana kira, yana dakatawa, duwatsu suna maido masa da sunan. Yawanci ba mai amsawa. Sau uku wani ya amsa, aka fitar da shi gefe, aka ba shi ruwa. Ina tsaye ina jira da murna. Ya kai ƙarshe ya naɗe takardar.

Na fito na ce akwai saura. Ya dube ni, ya ce mene ne sunana. Bakina ya riga hankalina.

"Ɗan-Jimma na Gangara."

Ya sake buɗewa, ya bi da yatsa, ya tsaya a wani layi da aka soke.

"Wannan an same shi. Yana gidansa."

Na ce a'a, na yi kuskure, sunana Idi, ɗan Malam Bukar. Ya duba sama da ƙasa, ya ce ba wani Idi da ya taɓa wucewa ta Agadas. Ya tambaye ni wanne ne nawa a cikin biyun. Mai lambu ya matso a hankali, ya ce ɗan baiwarsa ne, a gidansa aka haife ni, kaina ba daidai yake ba, kowace rana da sunan da nake tashi da shi. Na ga abin yana kuɓucewa, sai na yi abin da malami zai yi. Na ɗaga murya na fara zuba Larabci, babin abubuwan da ke warware alwala, tun daga farko, don su san da mai ilimi suke magana. Ka kwatanta: mutum ba riga, gashi ya cukurkuɗe, ƙafa duk taɓo, yana yi wa Bature ihu a kan alwala. Mai lambu ya buɗe tafin hannu kawai. Baturen ya dube ni da tausayi, ya ce wani abu, tafinta ya ce wai a riƙa kyautata mini.

Na tsaya ina kallonsu har suka shige tsakanin duwatsu. Bijimin yana jirana a bakin rijiya. Na koma.

Wadda ta fitar da ni ban taɓa ganinta ba sai daga baya. A Gat akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram, ana ce mata Inna Zara, mai masaukin fataken ƙasarmu. Can ba kumandan, ba bariki, gari ne da yau yake hannun waɗannan gobe hannun waɗancan, saboda haka ita ce wakiliyarmu, ita ce littafinmu. Al'adarta, ba ta ba baƙo ruwa sai ya faɗa mata su nawa suka fito, su nawa suka iso. Kawunka ya ba ta amsar da ya ba Nasara. Ta ƙyale shi. Ya yi watanni a gidanta, hanya ta rufe saboda faɗa, kullum da safe in ya zo gaishe ta sai ta ce ya sake faɗa mata sunan wanda ya ɓace. Ta lura ba ya iya haɗa ido da ita. Ran nan ta ce masa ita ba ta da gidan kaso, kuma wanda ake nema da sunan ƙarya ba nemansa ake ba. Ya fashe da kuka ya faɗa. Ta sa ya faɗi sunana, da na ubana, da na uwata, da tabon ƙuna da ke gwiwar hannuna. Ta ba kowane jagaba da kowane mai kai gishiri wannan kwatance. Wata uku bayan sojoji, wani malamin Abzinawa ya iso kwarin da wasiƙa mai shaidu, ya kama hannuna ya juya, ya ga tabon, ya tambaye ni sunan mahaifiyata. Na daɗe kafin in tuna. Mai lambu bai yi musu da malamin ƙasarsa ba.

Idan Allah Ya kai ka Gat, kafin ka sauke kaya ka nemi gidan nan. In ta rasu, akwai wanda ya gaje ta, irin wannan gida ba ya mutuwa. Ka faɗa musu komai, har abin da kake jin nauyin faɗa. Ka nuna musu yatsanka da lauje ya yanke. Kada ka ɗaukar wa kowa wasiƙar da aka liƙe, kada ka riƙe wa kowa bindiga ko na yini ɗaya, kuma in an tambaye ka wa kake so cikin masu faɗan garin, ka ce kai baƙo ne, farashin fata ka sani. Ra'ayi kaya ne mai nauyi, ka bar naka a gida, akwai inda nake ajiye nawa.

Saura Ɗan-Jimma, kuma saboda Gambo nake gaya maka wannan.

Da na dawo na tarar an binne shi da kwana arba'in. Ƙafarsa ta warke tuni, ba ita ba ce. An ce tun ranar da gardi ya tsaya a dandali ya kira shi cikin ɓatattu, mutumin bai sake zama daidai ba. Mutane suka fara gaishe shi da wata irin murya. In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Shi kuma ya kama jin ƙishirwa. Ya sha ƙwarya guda, ya ajiye, ya ce a ƙaro. Matarsa ta ce yakan tsaya tsakar gona da rana, ya yi taki ashirin, ya juyo, ya yi taki ashirin, ya juyo, in an tambaye shi ya ce bai san yana yi ba. Sau biyu ya ɗaura niyyar zuwa Tanut ya faɗi gaskiya, dattawa suka zaunar da shi. Ya rasu da randa cike a gefensa, leɓensa a tsattsage.

Ni mai karatu ne, na san akwai ciwon da ke sa ƙishirwa, na ma san sunansa da Larabci. Na kuma san mutum yana iya narkewa don abin da ya sani bai faɗa ba. Wannan bayani ya ishe ni yawancin ranaku. Amma ban taɓa gaya wa kowa a garin nan yawan takin bijimin ba, kuma matarsa ce ta fara faɗar ashirin. Ka yi abin da ka ga dama da wannan. Abin da na sani, na karɓi abu a hannun mutum na ce zan dawo da shi, ban tarar da wanda zan mayar wa ba. Gambo yaron kirki ne, ba shi da wayo sosai, shi ya sa yake ƙaunarka. Kada ka yi masa haka.

Na san abin da za ka ce. Ayari zai tashi, wani sai baɗi, 'yan uwanka za su yi maka dariya cewa ka je Tanut ka dawo, wai ka ga ƙarshen duniya. Za su yi, ni ma zan taya su kaɗan. Dariyar kwana uku ce, ta huɗu wani zai faɗo daga jaki a manta da kai. Ka jira kumandan. In ya dawo kafin Lahadi, ka karɓi takarda da sunanka, ka tafi da albarkata, ba zan riƙe ka ba, namiji ba ya girma a gindin rumbu. In bai dawo ba, ka kwance kayanka.

Yanzu ga abin da ya sa na ba da wasiƙar nan a kawo maka da gaggawa. Mahaifiyarka ba ta san shawarar da kuka yi da Gambo ba, ni kuma na san ta, kuma ba zan yi abin da Gangara ta yi mini ba. Ranar Asabar ina Tanut. Zan sauka gidan limami. In ka zo ka nuna mini takarda mai sunanka, in yi maka addu'a in raka ka bakin gari. In ka zo da kayanka a kwance, mu koma gida tare, in ba ka jakin in bi ka a ƙasa. Amma in Lahadi ta yi na ji ka bi ayari da takardar Gambo, zan tafi bariki da ƙafata, in faɗa wa wanda na samu, ko mai gadi ne, cewa ɗana ya fita da sunan da ba nasa ba, ga kamanninsa, ga hanyar da ya bi. Za su tare ka kafin Adarbisanat, su dawo da kai da igiya, ka yi watanni kana ɗaukar dutse. Garinmu zai ce Malam Idi ya tona asirin ɗan cikinsa, wasu ba za su sake bina salla ba. Kai ma mai yiwuwa ba za ka yi mini magana ba har in mutu. Na auna duka, na ga zan iya. Gidan kaso yana da ƙofa, kuma na san hanyar kai fura can.

Allah Ya ba ka haƙurin kwanakin nan, shi ne guzurin da ya fi wuyar ɗauka. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gaggawa, da sharrin shawarar masu ƙaunarka. Ya sa duk inda ka sauka a san ko kai wane ne, Ya maido ka gaban mahaifiyarka da ƙafafunka. Ya jiƙan waɗanda suka fita ba su iso ba, da waɗanda suka zauna suka jira su. Amin.

Ka gai da Gambo, ka ce ina yi masa sannu da hannu. Ka mayar masa da takardarsa yau, kafin ka ci abinci.

Wassalam. Mahaifinka.